Ƙaramar kyamara mai gilashi guda: me za ta tsinana wa mai ɗaukar hoto a birnin Zariya?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Kuyambana bayan sallar La'asar, lokacin da rana ta karkata wajen Wusasa da dutsen Kufena, zai ga abin da ya saura na ganuwar Zazzau ya yi jawur a cikin hasken yamma. Idan ya ci gaba da bin ganuwar zai ga inda ruwan damina ya zaizaye ta, da inda aka ɗebi ƙasarta, da inda gidajen bulo suka matso har suka hau kanta. Ganuwar tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ke da alhakin karewa, amma suna a takarda ba ya tare ruwan watan Agusta.

A ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, wani sashe na Babban Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ke ƙofar fada, ya rufta kan masu sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun kwana ɗaya kafin nan aka lura da tsagewa a ginin. Masallacin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, wanda ya gina shi a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Maginin da yake son sanin yadda Durugu ya ɗaura bakan gizon da ke riƙe da rufin, da yadda ya jera azara, zai dogara ƙwarai kan ma'auni da hotunan da wasu suka ɗauka tun ginin yana da lafiya. Cikinsu akwai masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, wanda aka buga aikinsa cikin mujalladi uku a 1990, bayan rasuwarsa, kuma shi ne ya assasa gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda kwafin masallacin yake.

Saboda haka tambayar da ake ji a bakin matasan 'yan jarida da masu kishin tarihi, wato ko ya kamata mutum ya zuba kuɗi a irin ƙananan kyamarorin nan da ake yayi alhali ga waya a aljihunsa, ta wuce maganar gayu. Wannan bayani ya ɗauki Fujifilm X100VI, wadda ta fi shahara a cikinsu, ya auna ta da ma'aunin birnin Zariya: lungunansa, haskensa, ƙurarsa, siyasarsa da kuma aljihun mutanensa.

Wace iri ce?

Kyamarorin da masu hoton biki ke ratayawa a wuya, na Canon da Nikon, ana iya kwance gilashin gabansu a ɗaura wani: gajere don ɗaukar taro, dogo don jawo abin da ke nesa. Waɗanda muke magana a kansu gilashinsu a liƙe yake, ba ya fita, kuma ba ya zuƙowa. Faɗin da ya gani yau shi zai gani gobe. Mai son abu ya matso, sai shi ya taka ya matsa.

Abin da ya raba su da ƙananan kyamarorin aljihu na da shi ne girman faifan da ke karɓar haske a ciki, wanda masu sana'ar ke kira sensa. Na X100VI milimita 23.5 ne a faɗi, 15.7 a tsaye. Mafi girman sensa da ake sa wa manyan wayoyi kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wancan, kuma galibin wayoyin da ke hannun jama'a nasu bai ma kai haka ba. Kamar kwano ne da aka ajiye a tsakar gida ana ruwa: mai faɗin baki shi ke tara da yawa. Yawan hasken da sensa ya tara shi ke sa hoto ya fito garau a wuri mai duhu-duhu.

Gilashi guda ba sabon abu ba ne a Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da Kodak Brownie da aka ba shi a 1935. J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya bar wa Najeriya hotunan kitso kusan dubu, ya sayi Brownie D a 1950 a kan fam biyu. Malick Sidibé ma da Brownie ya soma a 1956. Duk akwatuna ne masu gilashi ɗaya tilo. Abin da ya kusa kashe ƙaramar kyamara shi ne waya. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, CIPA, sun nuna cewa a 2010 an fitar da kyamarorin zamani kimanin miliyan 121, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba, kuma masu gilashi a liƙe su suka fi jin jiki: daga sama da miliyan 100 zuwa ƙasa da miliyan 2.

A cikin wannan durƙushewa ne X100 ta yi tashe. Ta farko ta shiga kasuwa a 2011. Ta biyar, X100V, ta fito a 2020, kuma a 2022 matasa a TikTok suka yayata ta har ta gagari kamfanin ya biya buƙatar masu saye. Ta shida, X100VI, an bayyana ta a watan Fabrairun 2024 a kan dala 1,599, aka kuma mayar da ƙera ta daga Japan zuwa China don a samu yawa. Tana da megafiksel 40, nauyinta giram 521, gilashinta mai milimita 23 ne, wanda a lissafin da masu hoto suka saba da shi daidai yake da 35. Kishiyarta ta kusa ita ce Ricoh GR: ta uku ta fito a 2019, ta huɗu a Satumbar 2025 a kan kusan dala 1,500. GR kusan rabin nauyin Fujifilm ce, tana shiga aljihun kaftani, ganinta ya fi faɗi (daidai da 28), sai dai ba ta da tagar leƙe, da allon baya kawai ake saita ta. Akwai kuma na masu hannu da shuni: Leica Q3 ta 2023 a kan dala 5,995, da Sony RX1R III ta 2025 a kan sama da dala 5,000. Waɗannan an ambace su ne don a san da su.

Lungu da filin hawa

Lissafin faɗin gani yana da sauƙi, kuma shi ne farkon abin da mai saye zai yi kafin ya taɓa kuɗinsa. Da gilashi mai daidai da 35, faɗin abin da ke shiga hoto kusan daidai yake da nisan da mutum ya tsaya. Mai son ɗaukar bango mai faɗin mita 10 sai ya ja baya kusan mita 10. Da mai daidai da 28, mita 8 sun isa. A bakin ƙofar gari, inda titi ya buɗe, wannan ba matsala ba ce. Amma a shiga cikin Kwarbai ko Unguwar Juma ko Limancin Kona, inda lungu ba ya wuce mita 3, sai a ga iyakar abin. Mutum ya jingina da katangar da ke bayansa, abin da zai samu da Fujifilm faɗin mita 3 ne da tsayin mita 2. Da Ricoh kusan mita 4 da biyu da rabi. Fuskar zaure mai zane, daga dokin ƙofa har zankwaye, ba za ta shiga gaba ɗaya ba. A nan waya mai gilashi mafi faɗi ta fi su, ko da yake takan lanƙwasa layukan gefe, ta sa miƙaƙƙen gini ya yi kamar zai kwanta.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai hawan Sallah. A ce mai hoto yana tsaye mita 50 daga mahayi. Hoton zai kwashi fili mai faɗin mita 51 da tsayin mita 34. Doki da mahayinsa har rawani, a ce mita biyu da rabi, za su ci kashi ɗaya ne cikin 14 na tsayin hoton, wato ɗigo kusan 375 daga cikin 5,152. Za a gane doki ne, za a gane launin alkyabba, amma ba za a ga fuska yadda edita ke so ba. Kyamarar tana da dabarar yanke tsakiyar hoto ta ba da kwatankwacin 50 da megafiksel 20, ko 70 da megafiksel 10, kuma hakan ya isa shafin intanet. Sai dai yanka ba zuƙowa ba ne. Wanda aikinsa hawan Daushe ne, ko wasan ƙwallo, ko ɗan takara a kan mumbari daga bayan shingen jami'an tsaro, ya nemi kyamara mai dogon gilashi, ya huta.

Inda gilashi guda ya yi fice shi ne tazarar mita ɗaya zuwa biyar, tazarar hira. Maƙeri a maƙera, mai ɗinkin babbar riga a zaure, layin mata a rumfar zaɓe, ɗalibai a ajin da rufinsa ya yaye: mutum yana fitowa tare da wurin da yake, ba a yanke shi daga muhallinsa. Kuma akwai wani amfani da ba a rubuta shi a jikin kwali. Tun da kyamarar ba ta iya satar hoto daga nesa, dole mai ita ya matso, ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne, ya nemi izini. A birni irin Zariya, inda zaure ke da iyaka, inda baƙo ba ya wuce shi sai da iznin mai gida, inda ake jin zafin yadda wasu ke ɗaukar almajirai suna yaɗawa kamar ba 'ya'yan kowa ba, wannan tilas alheri ce. Hoton da aka ɗauka bayan an gaisa da mai unguwa yakan fi wanda aka fizga daga kan babur, ko da na biyun ya fi tsada.

Haske

Masu hoto a arewa suna fama da haske iri biyu masu hannun riga: ranar tsaka da ke ƙona farar riga ta bar fuska baƙa ƙirin a ƙarƙashin hula, da duhun cikin soro inda haske ke shigowa ta 'yar taga ɗaya. X100VI tana da maganin kowanne, gwargwado.

Ga duhu, ƙofar hasken gilashinta tana buɗewa har f/2, wato tana shigar da ninki biyu na hasken da f/2.8 ta Ricoh ke shigarwa. Sannan, a karon farko a wannan jeri, an sa mata na'urar da ke kashe rawar hannu. Kamfanin ya ce tana ba da rangwame har mataki shida, kowane mataki kuma ninki biyu ne na lokacin da ƙyauren haske ke buɗe. A aikace, mai tsayayyen hannu zai iya ɗaukar rufin soro a rubu'in daƙiƙa ba tare da ya kafa mata ƙafa uku ba. A lura dai: na'urar tana tsayar da rawar hannun mai ɗauka ne kawai. Bango ba ya motsi, don haka zai fito sarai. Yaron da ya gilma a gabansa zai fito kamar hayaƙi.

Ga rana kuma, tana da matatar haske a cikinta wadda ke rage hasken zuwa kashi ɗaya cikin 16, da 'yar fitila a goshinta. Ƙyauren haskenta a cikin gilashi yake, irin mai ganye, wanda ke ba fitilar damar aiki ko da an ɗauki hoto cikin sauri ƙwarai. Amfanin wannan a fili yake ga duk wanda ya taɓa ɗaukar dattijo mai rawani da azahar: fitilar tana share inuwar da ke kan ido ba tare da sararin sama ya ƙone ba. Irin wannan ƙyaure kuma kusan ba ya ƙara. A zauren makoki ko wurin tafsiri, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙura, zafi da wutar lantarki

Ana yawan cewa tun da gilashin ba ya fita, ƙura ba ta da hanyar shiga. Rabin gaskiya ce. Mai kwance gilashi a tsakiyar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana buɗe wa ƙura ƙofa, haka ne. Amma idan ƙura ta sauka kan sensansa, zai buɗe ya hure ta cikin minti biyar. Mai gilashi a liƙe, in ƙura ta samu shiga ta gefen gilashin da ke motsi, sai an warware kyamarar ɗungurungum. Masu Ricoh GR a faɗin duniya sun daɗe suna kuka da wannan, kuma ba a yi ta don jure ruwa ko ƙura ba. X100VI tana jurewa, amma da sharaɗi: sai an sayi zoben AR-X100 da gilashin kariya mai milimita 49 an ɗaura a gaba. Ba sa zuwa a cikin kwali. Wanda zai yi aiki da ita a Zariya ya ɗauke su a matsayin wani ɓangare na farashi.

Takardar kamfanin ta ce kyamarar tana aiki daga ma'aunin zafi 0 zuwa 40. A watannin Maris da Afrilu Zariya takan kusanci wannan iyaka a inuwa ma, balle a ce an bar baƙar kyamara a kan kujerar mota. Hoto ba ya cika wahala da zafi, amma bidiyo mai tsawo yana dumama ta, ta kashe kanta. Ko da yake tana ɗaukar bidiyo har 6.2K, wanda aikinsa naɗar jawabi na awa guda kada ya dogara da ita.

Batir ɗinta yana ba da hoto kusan 450 idan ana leƙawa ta tagar gilashi, ya ragu zuwa wajen 310 idan ana amfani da tagar lantarki. Ricoh GR III kusan 200 take bayarwa. Waɗannan alƙaluma na ɗakin gwaji ne. Wanda ya tuna watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin arewa suka kwana fiye da mako guda babu wuta saboda lalacewar manyan layukan lantarki, ya san batir ɗaya ba abin dogaro ba ne. Sa'ar da aka yi ita ce dukkansu ana iya cajinsu ta USB-C, wato abin cajin waya na tafi-da-gidanka yana yi musu.

Hoto a matsayin shaida

Nan ne maganar ta fi shafar ɗan jarida. Zariya ta san darajar shaida. Bayan abin da ya faru tsakanin sojoji da 'yan Harkar Musulunci a Najeriya daga 12 zuwa 14 ga Disamba, 2015, kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa ya samu cewa an binne mutum 347 a kabari ɗaya, kuma Amnesty International ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam a rahotonta na 2016. A irin wannan hali, abin da ake tambaya game da hoto shi ne yaushe aka ɗauke shi, a ina, kuma ko an taɓa shi.

Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan aka danna. Takan ɗauki da dama a jere, ta haɗa su, ta goge abin da ta ɗauka datti ne, ta ƙara abin da take zaton ya kamata a gani. A Maris ɗin 2023 an yi ta ce-ce-ku-ce kan wayoyin Samsung bayan wani ya nuna cewa suna ƙara wa hoton wata zanen da babu shi a abin da aka nuna musu. Ga hoton biki wannan ado ne. Ga fuskar makuba da ake son a ga tsagewarta, ko fuskar mutum a cikin taro da dare, matsala ce. Kyamara tana iya ajiye ɗanyen fayil, wanda ake kira RAW, wato abin da sensa ya gani kafin a yi masa kwalliya. Gasar World Press Photo tana neman irin wannan fayil daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, kuma a 2015 ta kori kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kai gab da ƙarshe saboda taɓa hoto fiye da kima. A shekarar ce kuma Reuters ta umarci masu yi mata aiki daga waje su riƙa aiko da JPEG kamar yadda ya fito daga kyamara. Hanya biyu, manufa ɗaya. Mafi aminci shi ne a saita kyamara ta ajiye duka biyun, ko da yake ɗanyen fayil na megafiksel 40 yakan ci daga megabait 40 zuwa 80.

Abin da ya fi jan matasa zuwa Fujifilm, wato launuka 20 da ke kwaikwayon tsoffin fina-finan hoto, shi ne abin da ɗan jarida zai fi yin hattara da shi. Launin da ke sa Tudun Wada ta yi kama da shekarun 1970 yana da daɗin kallo a Instagram, amma hoton ambaliya ko na asibitin da ba gado ba wurin kwalliya ba ne. A bar ta a launi na asali idan ana aiki.

Kowane hoto yana ɗauke da bayanai a ɓoye: rana, lokaci, irin kyamara, har da lambar jikinta. A saita agogon kyamara daidai tun ranar farko, domin agogon da ya yi kuskure da awa ɗaya ya isa lauya ya rusa shaida. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buƙaci a gabatar da bayanin na'urar da ta samar da abin da aka kawo wa kotu daga kwamfuta. X100VI ba ta san inda take ba sai an haɗa ta da waya ta manhajar kamfanin. Idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, waɗannan bayanai suna gogewa. A tura shi a matsayin fayil idan edita ake aika wa. Akasin haka kuma, wanda ke tsoron a gano shi ya tuna cewa lambar jikin kyamara tana iya haɗa hotonsa na zanga-zanga da hotonsa na suna. Akwai sabon tsari mai suna C2PA da ke sa wa hoto hatimin lantarki tun daga cikin kyamara. Leica M11-P ce ta fara zuwa da shi a Oktoban 2023, Fujifilm kuma ta shiga ƙawancen a 2024. Wanda wannan ya dame shi ya bincika ko samfurin da zai saya yana da shi, kada ya wadatu da sunan kamfani.

Duk da haka, akwai ranar da waya ce sarauniya: ranar zaɓe. Takardar sakamako da aka liƙa a rumfa tana buƙatar a ɗauke ta a tura cikin minti ɗaya, kafin a yage ta ko a sauya ta, don a kwatanta da abin da zai hau shafin IReV na INEC. Kyamara sai ta bi ta waya kafin hoto ya fita. Haka nan X100VI gurbin katin ajiya ɗaya gare ta. Aka ƙwace ta, ko aka tilasta wa mai ita ya goge, babu kwafi na biyu. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, Kwamitin Kare 'Yan Jarida, CPJ, ya ƙirga gomman 'yan jarida da aka kama ko aka ci zarafinsu a Najeriya. Ƙanƙantar kyamarar da kamanninta na tsohuwar yayi suna rage jan ido, ba sa hana ƙwace. Sashe na 22 da na 39 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba ɗan jarida madogara, amma Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro da aka keɓe ba da izini ba, kuma Zariya gari ne mai barikoki: ga Depot, ga Basawa.

Kuɗi

Idan aka lissafa dala ɗaya a naira 1,500, farashin da X100VI ta fito da shi ya kama kusan naira miliyan 2.4, kafin kuɗin jigila, da kwastan, da harajin VAT na kashi 7.5, da zobe da gilashin kariya da batir na biyu. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wata 34, ba a ci ba a sha ba. Leica Q3 a wannan lissafi ta kusa miliyan 9. Ƙarancinta a kasuwa kuma ya sa an daɗe ana sayar da X100VI sama da farashin kamfani, har ta hannu.

Da kaso kaɗan na wannan kuɗi ana samun tsohuwar Canon ko Nikon ta hannu mai sensa kusan girma ɗaya, a ɗaura mata ƙaramin gilashi mai f/1.8, a bar shi a kai kamar an liƙe. Hoton da za ta bayar a shafin labarai, mai karatu ba zai bambance shi da na Fujifilm ba. Ta fi nauyi, ta fi ƙara, ta fi jan ido, amma masu gyara a kasuwanninmu sun san cikinta, batir ɗinta yana ko'ina, kuma in gilashi ya fashe gilashi kawai za a sauya. A kyamara mai gilashi a liƙe, gilashi ya samu matsala, aiki ya tsaya cak.

A ganin wannan marubuci, ga matashin da kyamarar farko yake nema kuma da ita zai ci abinci, X100VI ba ta dace ba. Biki da taro da hawa duk suna son gilashi fiye da ɗaya. Ta dace da wanda ya riga ya san faɗin 35 ne idonsa, wanda rubutu ne babban aikinsa hoto na biye, wanda babbar kyamara kan kwana a gida saboda nauyi. Ta kuma dace da ɗakin labarai da zai saya ɗaya a riƙa karɓa-karɓa, domin mutum uku da ke aiki da gilashi ɗaya hotunansu kan zo da kama ɗaya. Wanda zai sayi ta hannu ya rufe ƙofar haske zuwa f/16, ya ɗauki farar katanga ko sararin sama, ya buɗe hoton a kwamfuta: duk ɗigon da ya zauna wuri guda a hotuna biyu ƙura ce a ciki. Ya haska tocila cikin gilashi ya duba ko akwai zare-zaren fumfuna, ya kuma gwada lambar jiki da ta kwali.

Aikin da ta fi kowa iyawa

Akwai wani aiki guda da rashin zuƙowa ya zama falala a cikinsa, kuma shi ne ya fi dacewa da ganuwa. Masu binciken ƙasa da gine-gine suna da dabarar maimaita hoto: a tsaya wuri ɗaya, a ɗauki abu ɗaya, shekara bayan shekara, a jera hotunan a ga abin da ya sauya. Sharaɗinta shi ne faɗin gani kada ya canja. Mai gilashin zuƙowa da wuya ya mayar da shi daidai inda yake bara, waya kuma ana sauya ta duk bayan shekara biyu ko uku, sabuwar ta zo da nata gilashin da tata kwalliyar. Gilashi a liƙe ba ya mantuwa, kuma tun daga X100 ta 2011 har ta 2024 tsawonsa milimita 23 ne.

Yadda ake yi ba wuya. A zaɓi wuri mai alama da ba za ta gusa ba, kamar gindin turken lantarki ko kusurwar kwalbati a gefen Ƙofar Kuyambana. A rubuta tsayin da aka riƙe kyamara daga ƙasa. A jingina sanda mai tsawon mita ɗaya a jikin ganuwa don ta zama ma'auni. A ɗauka sau biyu a shekara, a Afrilu kafin ruwa ya sauka da kuma ƙarshen Oktoba bayan ya ɗauke, a lokaci ɗaya na yini, da f/8 don komai ya fito daga gaba har baya. A sa wa kowane fayil suna mai kwanan wata da sunan wurin, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, ɗaya ba a cikin gidan ba. Haka za a yi a Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da Ƙofar Doka da sauran ƙofofin. Bayan damina uku, wanda ya je gaban hukumar gidajen tarihi ko majalisar masarauta ko kwamitin majalisar dokokin jiha zai ajiye hotuna shida a kan tebur, da sandar mita ɗaya a cikin kowanne, a auna santimita nawa suka tafi.